Gishirin Barkwanci

A Gwammaja, bakin shagon Ilu tela,
in la'asar sakaliya ta yi,
mu bakwai ne, wata rana tara,
kowa da gurbinsa a kan benci.

Mudi shi ne bakinmu.
Ko kaza ta gifta sai ya raɗa mata suna.
Hular Tasi'u ya ce kwanon awo ce,
takalmin Kallamu kwalekwalen Wudil,
mu kuwa mu biya shi da dariya lakadan,
mun naɗa shi sarkin barkwanci.

Ni aikina gyaɗa kai.
Ba ya cin kuɗi, ba ya sa gumi.
Mai gaskiya ya faɗa, in gyaɗa,
mai shararawa ya sharara, in gyaɗa,
kamar ƙadangare a kan katanga,
ina zaton shi ke nan zumunci.

Ran wata Laraba Sabitu ya zo a makare,
a ƙafa, babu adaidaita sahunsa.
Ya raɓa gefen katako
ya ce, da muryar da ba tasa ba:
"Mai babur ya karɓe makulli,
kwana huɗu ban cika balas ba."
Ragowar zancen ya haɗiye da ɗaci.

Mudi bai bar maganar ta kai ƙasa ba:
"To madalla, titi ya huta!
Yau awakin Ƙofar Ruwa za su yi walima."
Aka tuntsire. Har Ilu ya saki keken ɗinki.
Ni ma na gyaɗa, na ƙara da tafi biyu,
alhali hankalina na wurin mai rake,
ina lissafin canjin da ya riƙe mini.
Ban ji ƙarar ba,
na sa hannu a hukunci.

Sabitu ma ya dara.
Wannan ce ke hana ni barci.
Haƙora sun fito, ido bai raka su ba.
Ana kiran magariba ya riga mu tashi,
can gida bakuna uku na jiran abinci.

Kwana tara gurbinsa fayau.
Ba a hana kowa zama ba, ba wanda ya zauna.
Mudi ya jefa ɗaya, ya jefa biyu,
suka faɗi kamar ƙwallon mangwaro a kwata.
Sai Malam Lawandi mai gyaran agogo,
wanda kalmominsa ba sa cika goma a wuni,
ya cire madubi daga ido ya ce:
"Wasa gishiri ne.
A miya daɗi, a gyambo azaba.
Ko agogon da ya tsaya ya fi ku sanin lokaci."

Ya juyo gare ni, ban zata ba.
"Kai kuma, mai wuƙa da mai danne ƙafa
tare suke yanka.
Wannan kan naka hatimi ne,
daina buga shi da ganganci."

Ran Juma'a muka nufi Kurna, ni da Mudi,
da ledar lemo, da ɗan abin da aka harhaɗa.
Tun daga titi har lungu
bakin nan bai ce uffan ba.
A soro ya durƙusa, ya tuɓe hula,
yana murza ta kamar zai matse ruwa,
kalma ta ƙi zuwa ga mai azanci.

Sabitu ya dube shi, ya daɗe yana duba.
Can ya ce: "Mudi,
ashe sanƙon nan naka ya kai Dawanau?
Mai da hular, kar ka kashe mini ido."
Muka saurara tukun.
Sai da kafaɗarsa ta fara girgiza
muka bi bayansa,
don mai ciwo ne ke buɗe ƙofar raha,
saura su shiga da sallama da mutunci.

Yanzu an koma bakwai.
Mudi na nan, bai tuba duka ba,
sai dai yakan leƙa fuska kafin ya harba.
Ni kuma wuyana ya yi nauyi:
sai na ji zance har wutsiyarsa.
Jiya Kallamu ya ce na cika rowar kai.
Na dube shi, na ƙi gyaɗawa,
na matsa masa wuri a kan benci.